Kwabon da Garma ta Tono

Kakana Ljudevit, idan kaka ta yi,
an kwashe masara a gonakin bakin Kupa,
sai ya bi sawun garma a sunkuye
kamar wanda allurarsa ta faɗi.
Maƙwabta su ce tsufa ne.
Da magariba ya dawo, takalmi ya yi nauyi da taɓo,
aljihun hagu yana ƙara.

Abin da yake zubewa a tebur bai yi kama da kuɗi ba.
Ka ce kashin awaki ne aka taka,
baƙi, ƙasa ta kama shi ta riƙe.
Ya jiƙa su a kofin shayin da mariƙinsa ya karye,
wani mako uku, wani sai ƙanƙara ta narke.
"Dunja," ya ce, "wanda ya yi barcin shekara dubu da ɗari shida
ba a tashinsa da tsawa."

Da tsinken sakace yake aiki, ƙarƙashin fitila,
numfashinsa a riƙe.
Hanci ne ke fara fitowa.
Sai kunne, sai igiyar duwatsu a ɗaure a ka,
sai ido guda, a buɗe, yana kallon dama,
bai damu da mu ba.
Rabin sunan sarkin yatsu sun cinye:
yatsun mai gurasa, na soja, na mai karɓar haraji,
na matar da ta juya shi sau biyu kafin ta miƙa.

Ya auna faɗi, milimita goma sha bakwai.
Ya rubuta. Ya goge. Ya sake aunawa.
Ba ya taɓa koren da ya kwanta sumul,
wannan riga ce, in ji shi, lokaci ya ɗinka.
Koren da ke tashi kamar gari shi ne ciwo,
a ware shi da sauri, kada ya ci gaba da ci.

Wani dare ya kira ni, muryarsa tana rawa.
A gindin kwabon, ƙanana kamar ƙwan tururuwa,
haruffa uku: S, I, S.
"A garin nan aka buga shi, tun ana ce masa Siscia.
Duba ɗan banza! Duk shekarun nan,
tafiyar kilomita huɗu ya yi."
Muka yi dariya har kakata ta buga bango.

Sai ya juya bayansa.
Soja a tsaye, mashi a ƙasa,
doki ya durƙusa, mahayin ya ɗaga hannu ɗaya,
ban sani ba ko roƙo ne ko kare fuska.
Rubutun da ya kewaye su Kaka ya karanta a hankali,
wai zamanin jin daɗi ya dawo.
Bai ƙara magana ba.
Ya dubi ƙofar ɗakin ƙasa,
inda suka kwana watanni ana ruwan wuta a Sisak,
inda rigar ƙanensa Krešimir ke rataye har yau.
Ya kashe fitila da wuri.

Duk Talatar farkon wata ya sa hular fita,
ya kai wa Zrinka ta gidan tarihi abin da ya samu,
da littafin da ya nuna gona, da kunya, da rana.
Su yi gardama kan harafi ɗaya har kofi ya huce.
Ita ke yin gaskiya, yawanci.

Bara ya tafi, ana tsakiyar girbi.
A aljihun teburinsa na tarar da ambulan guda,
ciki kwabo, sumul kamar dutsen rafi,
ba hanci, ba harafi, sai wani ɗan tudu
da zai iya zama kafaɗa.
A bayan ambulan, da fensir:
"Ban san shi ba tukuna."

Na wanke kofin nan mara mariƙi.
Yau kwanansa tara a ruwa.